Zoben Tagulla a Bindigar Bazazzagi

Satin da ya wuce jikata ta raka ni kasuwar Ƙofar Wambai sayen buta. Na ɗauki guda na ƙwanƙwasa ta da farce, na kai ta kunne, sai mai shagon ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Baba, roba ce fa, ba ta amsawa." Gaskiyarsa. Kuma ko da tana amsawa ba lallai ne in ji ba, don kunnen nawa ya daɗe da ajiye aiki. Hannu ne dai ya riga ya saba, har gobe ba na iya karɓar sabon abu ban tambaye shi lafiyarsa ba. Da muka juyo na ce mu bi ta lungunmu na da, wanda ya ɓulle Koki, in nuna wa yarinyar inda na tashi. Sai na tarar rumfar maƙerarmu, wadda ita kaɗai ta rage a lungun, an rushe ta an yi shago mai ƙofar gilashi ana sayar da wayoyi. Ban yi kuka ba, amma na daɗe tsaye riƙe da butar, har yarinyar ta ce rana tana dukanmu.

A zamanin da nake faɗa Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma wannan lungun ba ya buƙatar agogo. Da an sallame sallar asuba za ka ji zugazugi ya fara numfashi kamar tsohon da ya hau tudu. Can sai masaba ta sauka a kan uwar maƙera, ƙaramar guduma ta amsa mata, daga cikin gidaje kuma taɓarya ta shiga, sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Kowane maƙeri da irin bugunsa. Mace tana tsakar gida tana tankaɗe za ta gaya maka yau wane bai fito ba, ta aika a dubo ko lafiya. Mu 'ya'yan gida kuwa tun ba mu san dama da hagu ba aka ɗora mu a kan aiki: fasa gawayin ƙirya, shafa wa fatar zugazugi mai don kada ta bushe, cika kaskon ruwan da ake tsoma ƙarfe, da korar wata akuyar maƙwabta da ta rantse ba ta da abinci sai fatar nan. Wanda ya yi gyangyaɗi a kan zuga, tartsatsi ne ke tashinsa, ba sai an ɗaga murya ba. Har yanzu ƙwaurina na dama yana ɗauke da shaidar wannan makaranta.

Sauran rumfuna fartanya da lauje da garma suke yi. Mu ma muna yi, don ba a ƙin abinci, amma abin da aka san gidanmu da shi bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daka. Maharba da masu gadin gona ne ke kawo ta gyara, kowa da takardar izininsa ninke a cikin hula. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsadar magana. Sau da yawa sai ka maimaita masa abu sau biyu kafin ya ɗago, mu kuwa muka ɗauka miskilancin manya ne. Amma ka miƙa masa bindiga, sai ya karanta maka ita kamar allo. Zai bi bututun da babban yatsa ya ce wannan karcen ƙaya ce, wannan cin tsatsar gumin hannu ne, mai ita ba ya goge ta in ya dawo daga daji, wannan lotsawar kuwa faɗuwa ce daga kan jaki, ko ka rantse ba haka ba ne. Ya san tabon guduma, ya san sawun magagari, ya san hatimin da Turawa ke bugawa a gindin tasu. Duk waɗannan, in ji shi, tabon zaman duniya ne, kowa da nasa, ba sa hana aure. Abin da yake tsoro shi ne aibin da ƙarfe ya zo da shi tun daga inda aka narka shi, siririn layi kamar gashi, wanda a ido ba ka bambance shi da karce. Karce a fata yake tsayawa. Tsaga kuwa tafiya take yi can ciki, ranar da albarushi ya matse ta sai ta buɗe a hannun mai ita.

Don haka a gidanmu babu bututun da ke fita sai ya bi ta ƙofa uku. Ta farko farce, ka ja shi a kan layin ka ji ko zai maƙale. Ta biyu kunne, a rataye bututun da zare a ɗan buga shi da ƙusa. Mai lafiya yana daɗewa yana waƙa, mai ciwo kuwa tari ɗaya zai yi ya yi shiru. Ta uku alli, irin wanda mata ke shafa wa yatsa wajen kaɗi. A jiƙa ƙarfen da man gyaɗa, a goge shi tas, a shafe shi da kwaɓaɓɓen alli a shanya a rana. In akwai tsaga, man da ya ɓuya a cikinta zai tsattsafo ya zana kansa a kan farin. Sai an wuce ukun nan Baba ke ciro wani ɗan ƙarfe mai tsini daga aljihunsa, gadon kakanmu, ya buga ɗigo uku a ƙarƙashin bututun. Daga Kano har ƙasar Zazzau, maharbi ya juya bindiga ya ga ɗigon nan uku, ba ya ƙara tambaya. Yanzu ina ganin yadda ake yi, a feshe abu da baƙin fenti yana walƙiya, mai saye ya duba da ido ya ɗauka. Ido kuwa baƙo ne, abin da aka shimfiɗa masa a zaure shi yake gani. Mu a wurinmu ba ya cikin ƙofofin ma sam.

Cikin masu zuwa mana akwai wani maharbi daga ƙasar Zazzau, abokin Baba tun suna samari. Ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba, Bazazzagi kawai yake ce masa, shi kuma ya ce Bakano, kowa yana iƙirarin ɗayan bawansa ne, irin wasan da muka gada tsakaninmu da su. Gajere ne mai faɗin ƙirji, dariyarsa tana riga shi shigowa lungu. Hannunsa na hagu yatsu uku gare shi. Sauran biyun wata bindiga ce da ya saya a kasuwar ƙauye ta tafi da su, tun kafin ya fara kawo mana aikinsa, ta fashe daidai inda ya tallabe ta. Bai ɗauki abin da zafi ba, yakan ce Allah ne ya rage masa wahalar yankan farce. Amma na lura ko yana tsakiyar raha, in aka miƙa masa bindiga sai ya juya ta ya nemi ɗigon nan kafin ya kai ta kafaɗa.

Shekarar da abin ya faru ina wajen ashirin, gemu ya fara leƙowa, hula kuma ta fara karkacewa. Gani nake babu abin da ya rage min a ƙira sai dai a sakar min hanya. Damina tana ja da baya, dawa ta fitar da kai, sai ga Bazazzagi ya shigo ta Ƙofar Nassarawa da tsohuwar bindigarsa naɗe a buhu. Ya zube ta gaban Baba ya ce, "Bakano, tsohuwata ta gaji, kuma birai sun gane. Har zama suke yi a kan kunya suna kallona ina ɗuri. Sabuwa nake so nan da mako biyu, in ba haka ba su za su yi min girbi."

Baba ya juya tsohuwar ya ga bututun ya cinye, ya ajiye ta gefe. Bai ko dube ni ba ya ce, "Magaji zai yi maka." Magaji yake kirana, don sunan mahaifinsa na ci, bakinsa ba ya iya faɗa. Na ji kaina ya yi girma har hular ta matse ni.

Bazazzagi ya kalle ni sama da ƙasa, ya ɗaga hannun hagun ya baza shi a gaban hancina. Ya ce, "Ɗan Bakano, ƙirga. Uku ne. Da su nake tallabe bindiga, da su nake riƙe ƙwarya. In ka rage min ko ɗaya, gidanku zan tare, kai za ka riƙa ba ni fura a baki har in mutu." Duk rumfar aka yi dariya, ni ma na yi, na ce masa ya je ya sanar da biran su yi sallama da iyalinsu.

A lokacin babu ƙarfen da maƙera ke so kamar bututun sitiyarin babbar mota, don shi ba shi da ɗinki irin na bututun famfo. Baba yana da guda ɗaya tak da ya samo daga wata mota da ta mutu a bayan gari, ya daɗe yana ɓoyonsa a cikin rufin rumfa. Shi ya sauko min da shi. Na duƙufa. Na sassaƙa ƙota da icen maɗaci, na ƙera kunamar da ake ja bindiga ta tashi, na zauna ina goge bututun da magagari safe da yamma, ina waƙa ƙasa ƙasa. Baba yana can gefe yana fartanyoyinsa kamar bai san da ni ba. Labari kuwa ya riga ya zaga lungu, masu wucewa sai sun leƙo sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Har 'yan matan da ke kawo tallan ƙosai suka fara daɗewa a bakin rumfarmu fiye da yadda cinikin ya buƙata.

A rana ta takwas, da hantsi, rana ta faɗo ta wata huda a rufin rumfa ta sauka a kan bututun, sai na ga layin. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma yana daidai inda hannun hagu ke tallabewa. Na goga da magagari ya ɓace, na share da tsumma ya dawo. Na ja farce, wani jan ya maƙale, wani jan ya wuce. Na rataye shi na buga, amma lungu ya cika da guduma, kuma gaskiya abin da nake so in ji shi na ji. Saura alli. Allin nan ban neme shi ba, don na ji tsoron abin da zai faɗa. Babu wani bututun a gidan, kwanaki sun ja, kuma duk unguwa ta sa ido. Sai na ce wa kaina ai sawun magagari ne, hannuna ne ya zame. Na yanko tagulla na yi zobe mai faɗi, na zana masa ado, na matse shi a kan wurin ya zauna ɗas. Bindigar ta yi kyan da ban taɓa ganin irinsa a rumfarmu ba. Can ƙasan zuciyata kuma akwai abin da na jingina da shi: ai sai ta bi ta hannun Baba. In akwai aibi zai ji, tunda abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. In ya kama, faɗa ne kawai zan sha, in bai ce komai ba to karce ne.

Na kai masa. Ya zare bututun ya rataye, ya buga da ƙusa, ya karkata kai ya daɗe. Ya shafa zoben ya ce ado ya yi. Sannan ya tambaye ni, "Ta bi ƙofofin duka?"

Na ce, "Ta bi, Baba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙarfen kakanmu ya ɗora min a tafi. Ya ce, "Aikinka ne, kai za ka buga. Daga yau a wurinka zai zauna." Ya koma kan fartanyarsa.

Abin da na shekara biyar ina mafarki ke nan, amma ƙarfen nan ya yi min nauyi a aljihu kamar na saka dutsen niƙa. Sau uku ina ɗora tsininsa a kan bututun ina ɗaga guduma, sai in ga yatsun nan uku a baje a gaban hancina, in ce bari sai an jima. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa ya yaba zoben sai in ji kamar zagina yake yi. Tuwo ya daina shiga. Kwana biyu ina haka, ana gobe Bazazzagi zai dawo na shiga cikin gida wurin kakata, Iya, mahaifiyar Baba. Tana ƙofar ɗakinta kamar kullum, ta miƙe ƙafa tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin ɗan kasko. Ita Maigida take ce min, tunda sunan mijinta gare ni, kuma ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Ta ce, "Maigida, kwana biyu kana dawo min da tuwo. In sakina za ka yi ka faɗa da rana tsaka, in tattara mazarina."

Na ce, "Wa zai kwashe ki in na sake ki? Alli na zo ki sam min, Iya."

Ta tsayar da mazarin da tafin hannu ta dube ni. Ta ce, "Tun ina amarya nake ba gidan nan alli. Kakanka kafin ya yi wa bindiga ado yake aikowa, ubanka ma haka. Kai ne na farko da ya zo nema bayan an gama yi wa amarya lalle." Na sunkuyar da kai. Ta ɓalli allin ta miƙo, amma ba ta saki ba sai da ta ƙara da cewa, "Ka dai sani shi ba ya magani, faɗa kawai yake yi. In ba za ka iya da abin da zai faɗa ba, bar min abina in yi kaɗina."

Na hau kan soro da bututun, inda babu mai ganina sai tantabaru. Na cire zoben, na shafa mai na goge, na shafe da alli na jingina shi da rana. Na zauna ina kallonsa ina addu'ar da ni kaina na san ba ta kamata ba. Daga nan sama kana jin unguwa duka, gudumar wane da ta wane, da mai tallan nono tana kira, kowa yana harkarsa hankali kwance. Allin ya bushe ya yi fari fat, har na fara murmushi. Can sai wani ɗan ɗigo rawaya ya ɓullo, ya ja jiki, ya miƙe. Kafin inuwa ta matsa taki ɗaya layin ya fito sarai, kuma ya ninka wanda idona ya gani sau biyu. Ba zan ɓoye ba, tsumma yana hannuna, kuma na san shafa ɗaya ta isa. Babu wanda ya gani, ƙarfen ɗigo yana aljihuna. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Daga ƙarshe na jefar da tsumman tsakar gida don kada ya ci gaba da ba ni shawara, na sauko da bututun da allinsa a jiki.

Tun daga zaure na jiyo dariyar. Bazazzagi ya riga ranarsa da kwana ɗaya, ga shi zaune a kan turmin rumfa da ƙwaryar fura a yatsun nan uku, maƙeran lungu sun kewaye shi yana ba su labarin birai. Da na so in sami Baba shi kaɗai, to Allah bai nufa ba. Na ratsa su na durƙusa na ajiye bututun a gabansa. Na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ba ta bi alli ba sai yau. Na ga layin tun tuni na rufe shi da zobe. Ga abin da allin ya ce."

Dariya ta ɗauke, har mai zuga ya tsaya. Baba ya ɗauka ya kai kusa da ido. Bazazzagi ne ya leƙo ta kafaɗarsa. Ina jin kunyata ce ta ba shi tausayi, don sai ya yi tsaki ya ce, "Wannan ɗan zaren? Ku Kanawa akwai tsoro. Ƙarfen Nasara ne fa, mota ya yi shekaru yana juyawa bai karye ba. Ɗan Bakano, mayar min da zobena ka buga ɗigon in kama hanya, dawata tana can ana biki a kanta."

Na dubi Bazazzagi na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ba zan buga ba."

Mahaifina ya ɗago ya dube ni, kallon da ban iya fassarawa ba a lokacin. Ya ce, "Sai an gwada akan san na ƙwarai. A haɗa ta, a ɗauko doguwar igiya."

Muka fita bayan ganuwa, wani rami da ake haƙar ƙasar gini, mu uku da 'yan rakiya da ba a gayyata ba. Aka ɗaure bindigar a jikin wani kututture, bakinta yana kallon bangon ramin, aka ƙulla igiya a kunama. Bazazzagi da ba ya rasa abin yi ya karyo kara ya yanka gida uku, ya ɗaure su a ƙarƙashin bututun daidai wurin layin, ya ce ga wakilan yatsunsa. Ya yi ɗurin da kansa, irin wanda yake yi wa birai, muka koma bayan tudu muka kwanta. Baba ya miƙo min igiyar. Na ja, ta tashi lafiya lau, hayaƙi ya watse, ga kara uku suna nan. Bazazzagi ya miƙe yana rawa da kafaɗa, yana cewa a ba shi bindigarsa, Kanawa sun ɓata masa yini. Ni kaina na fara tunanin ko na tona wa kaina asiri a banza. Baba ya ce a sake.

A ja na biyu ƙarar ta bambanta, ko kurma ya ji ta a ƙirjinsa. Da muka isa, bututun ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa, ƙotar maɗacin da na kwana uku ina sassaƙa ta dare biyu. Karan nan uku kuwa muka neme su muka rasa, sai wani ɗan sili da aka tsinto can nesa. Na ga Bazazzagi ya cusa hannunsa na hagu cikin hammata ya matse, kamar wanda sanyi ya kama. Baba ya tsuguna ya nuna mana bakin fashewar. Gefe ɗaya fari ne yana ƙyalli, sabuwar karaya ke nan, amma tsakiyar baƙa ce ƙirin. Ya ce, "Kun ga wannan baƙin? Tsoho ne. Da shi aka haifi ƙarfen, tun can inda aka yi shi. Ba gudumar Magaji ba ce."

Bazazzagi ya sauke numfashi ya ce, "Ashe Nasara ma yana ƙona tuwo." Sannan ya zaro hannun ya dafa min kai da shi. Ya ce, "Ɗan Bakano, ka kuɓuta daga damun fura."

A hanyar komawa shi da 'yan rakiya suka yi gaba, ya riga ya fara mayar da abin labari, har ramin ya ƙara zurfi a bakinsa. Ni da Baba muna baya. Zuciyata ta yi sanyi, har na sami ƙarfin yin magana. Na ce, "Baba, ai na san ka ji tun ranar da ka buga shi. Gwada ni ka yi." Bai amsa ba. Na maimaita, sai ya tsaya ya juyo min da kunnensa na dama, na faɗa a karo na uku.

Ya ce, "Ban ji ba, Magaji. Yau shekara biyu ke nan ba na jin waƙar ƙarfe, guduma ta cinye min kunne. Ina ratayewa ina bugawa ne don hannu ya saba, amma da alli nake dogara. Da ka ce ta bi, na yarda. Abin da ya sa na ba ka ƙarfen ke nan, kunnenka nake nema." Ya ci gaba da tafiya.

Ni kuwa na tsaya a jikin ganuwa ina bin bayansa da kallo. Duk kwanakin nan ina zaton akwai bango a bayana, ashe shi ma da ni ya jingina. Da na buga ɗigon nan, babu wani mahaluƙi tsakanin tsagar da hannun Bazazzagi. Tsoron da ban ji a bakin rami ba a nan ya kama ni, tare da tausayin tsohon da ke tafe a gabana yana ɓoye kurumtarsa a cikin shiru. Na ciro ƙarfen kakanmu na bi shi na miƙa masa, na ce ban cancanta ba. Ya ture hannuna ya ce in mayar aljihu, mutane suna kallo.

Sai da muka ƙara mako uku kafin a samo wani bututun in gama. Wannan karon alli ya riga ado, Iya ma ta ce ta fasa yaji. Birai sun ci rabonsu a gonar Bazazzagi, kuma bai taɓa barina na manta ba. Ranar da na buga ɗigon guduma ta ɗan zame min, na ukun ya fita a karkace. Daga ranar kuma duk bututun da aka rataye a rumfarmu, Baba ne ke bugawa, ni ina tsaye a gefensa kamar mai koyo, in ɗan gyaɗa kai ko in girgiza. Har ya koma ga Allah babu wanda ya sani a lungun sai Iya, wadda na tabbata ta riga ni sani.

Yanzu rumfar ta tafi, masu bugun sun tafi, butar da na saya kuwa kwana huɗu ta yi ta fara yoyo ta gindi, jikata tana ta yi min dariya. Ban ji haushi ba, zamani riga ne. Abin da ya fi dawo min tun ranar da na tsaya a gaban ƙofar gilashin nan shi ne Bazazzagi yana shigowa lungu duk kaka da zabi biyu a rataye, kafin ya yi sallama sai ya ɗaga hannun hagu sama ya baza don in ƙirga daga nesa. Haka ya yi ta yi har furfura ta rufe shi. Da aka aiko ya rasu na tafi har garinsu gaisuwa. Babban ɗansa ya fito min da bindigar, na juya ta, ga ɗigona uku, na ukun a karkace. Sai na yi masa tambayar da ta kawo ni, ko da yake na san amsarta. Ya ce da yatsun nan ukunsu aka rufe shi.